GANI CIKIN DUHU: KWATANTA NA'URAR ƘARA HASKE DA NA'URAR GANIN ZAFI A GIDAN ƘAUYE

Gabatarwa

Bahaushe ya yi wa dare kirari iri biyu masu karo da juna. Ya ce dare mahutar bawa, ya kuma ce dare rigar mugu. A ƙasar Runka, wadda ke cikin Ƙaramar Hukumar Safana, da maƙwabciyarta Batsari, a yammacin Jihar Katsina, kirari na biyu ya daɗe da rinjayar na farko, domin kuwa a shekarun da fashin daji ya yi ƙamari, faɗuwar rana ta zama farkon zullumi ga manomi da makiyayi baki ɗaya. Saboda haka ba abin mamaki ba ne idan mai gida ko ɗan sintiri ya ji labarin akwai wata na'ura da ake gani da ita cikin duhu, ya yi fatan ina ma a ce tana hannunsa.

Sai dai abin da jama'a ke kira na'urar gani da dare ba abu guda ba ne. Iri biyu ne, kuma asalin aikinsu ya sha bamban. Ɗaya tana tattara ɗan hasken da ya rage a sarari ta riɓanya shi, ɗaya kuwa ba ruwanta da haske, ɗumin jikin abubuwa take gani. Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana yadda kowaccensu take aiki, ta nuna yadda za a iya gwada su a cikin gida irin na ƙauye, sa'an nan ta fito da darasin da gwajin ke koyarwa, watau cewa tsinkayo mutum cikin duhu daban, shaida ko wane ne daban, kuma a tsakanin waɗannan abubuwa biyu ne rayukan bayin Allah kan salwanta.

Dare a ƙasar Runka

Runka tana bakin dajin Rugu, wanda ya miƙe ta ƙasashen Batsari da Safana da Ɗanmusa har ya haɗe da dazuzzukan Zamfara. Ƙasa ce ta noma da kiwo, inda Hausawa da Fulani suka daɗe suna cin kasuwa ɗaya, suna shan ruwa ɗaya. Da satar shanu ta rikiɗe ta zama fashi da garkuwa da mutane, wannan daji ya zama maɓoyar 'yan bindiga, ƙauyukan da ke gefensa kuwa suka zama na farko wajen ɗanɗana kuɗarsu.

Misalai kaɗan sun isa. A ranar 14 ga Fabrairu, 2020, an kashe mutum 30 a ƙauyukan Tsauwa da Dankar na ƙasar Batsari. A ranar 18 ga Afrilu na wannan shekara, bayan dare ya raba, aka auka wa wasu ƙauyuka na Safana da Ɗanmusa da Dutsin-ma a lokaci guda, inda 'yan sanda suka ba da lissafin mutum 47 da suka rasu. A daren 11 ga Disamba kuma aka kwashe ɗaliban makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, aka sako 344 bayan kwana shida. A watan Satumba na 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta sa aka katse layukan waya na wasu watanni a ƙananan hukumomi 13, har da Batsari da Safana. A watan Oktoba na 2023 Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma ta jihar, wadda aka ɗebo mutanenta daga cikin 'yan ƙasar da abin ya shafa. A shekarar 2025 al'ummomin wasu ƙananan hukumomi, ciki har da waɗannan biyu, suka shiga sulhu da mazauna daji.

Abin lura a nan shi ne yawancin munanan hare-haren da duhu aka kai su. Mai gadin gari yana jin motsi a bayan danga, amma bai san ko akuya ce, ko maƙwabci ne ya fito kewaye, ko kuwa mugu ne. Wannan ita ce matsalar da ake sa ran na'urorin su warware.

Ido da iyakarsa

Kafin a fahimci na'ura, wajibi ne a fahimci idon da aka yi ta dominsa. A can bayan ƙwayar ido akwai wani tantani mai ɗauke da ƙwayoyin gani iri biyu. Iri na farko, masu siffar mazurari, sun kai kimanin miliyan 5, su ne ke rarrabe launi da rana. Iri na biyu, masu siffar sanda, sun haura miliyan 90, su ne ke aiki da dare, amma ba su san launi ba. Shi ya sa a farin wata jar riga da shuɗiya duk sukan koma toka-toka. Waɗannan ƙwayoyi na biyu suna buƙatar minti 20 zuwa 30 cikin duhu kafin su kai ƙarshen ƙarfinsu, kuma haske guda na tocila ya isa ya mayar da aikin baya. Kyanwa da kare da kura da shanu sun fi mutum a wannan fage, domin suna da wani tantani mai ƙyalli da ke mayar da haske cikin idon karo na biyu, wanda shi ne ke walƙiya idan an haska su.

Masana suna auna haske da wani ma'auni da ake kira luks. Rana tsaka takan kai luks 100,000. Wata ɗan daren sha huɗu bai cika wuce rubu'in luks ɗaya ba. Daren da babu wata, sai taurari, kimanin kashi ɗaya ne cikin dubu na luks, idan kuma hadari ya rufe sama ya ragu har sau goma. Ke nan ko a cikin duhun da Bahaushe ke kira dunɗum akwai sauran haske a sarari, ido ne kawai ya gaza.

Har ila yau akwai hasken da ido ba ya gani ko kaɗan. A shekarar 1800 wani masanin taurari mai suna William Herschel, a Ingila, ya ratsa hasken rana ta cikin gilashi mai kusurwa uku, hasken ya rarrabu zuwa launukan bakan gizo. Da ya sa ma'aunin zafi a gaba da jan launi, inda ido ba ya ganin kome, sai ya ga zafin ya hau. Wannan ɓoyayyen haske shi ake kira infirared, a nan kuwa za a kira shi hasken bayan-ja. Haske yana tafiya ne igiya-igiya kamar ruwan tafki idan an jefa tsakuwa, ana kuma auna tazarar igiyoyin da maikuromita, watau kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Ido yana gani daga 0.4 zuwa 0.7 kurum. Na'urar ƙara haske takan ɗan zarce zuwa wajen 0.9, ita kuwa ta ganin zafi tana aiki ne can nesa, tsakanin 8 da 14.

Na'urar ƙara haske

Wannan ita ce mai koren hoto wadda aka saba gani a fuskar sojoji. Zuciyarta wani ɗan bututu ne da aka zuƙe iskar cikinsa. Ɗan hasken wata ko na taurari da ya faɗa kan abu ya dawo, yana shiga ta gilashin gaba ya bugi wani faranti, farantin ya mayar da shi ƙwayoyin lantarki. Waɗannan ƙwayoyi suna ratsa wani faifai mai miliyoyin ƙananan huduji, inda kowace ƙwaya ke bugun bango ta haifar da wasu masu yawa, sa'an nan duk su faɗa kan wani allo mai sinadarin da ke yin haske idan an buge shi. An zaɓi kore ne domin ido ya fi rarrabe duhunsa da haskensa a kan sauran launuka, ko da yake yanzu ana yin masu farin hoto.

Tarihinta ya faro ne daga Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da Jamus da Amurka suka ƙera na'urori masu nauyi waɗanda dole sai an haɗa su da fitilar hasken bayan-ja. A shekarun 1960, lokacin yaƙin Biyetnam, aka sami waɗanda hasken wata ya wadatar da su, masu riɓanya haske kimanin sau 1,000. A shekarun 1970 aka shigo da faifai mai huduji, riɓin ya kai wajen sau 20,000, na zamani na uku kuwa sukan kai sau 30,000 zuwa 50,000.

Akwai kuma ƙanwarta mai araha, wadda ita ce ta fi yawa a kasuwa. Wannan ba ta da bututu. Kyamara ce irin ta wayar hannu da aka haɗa da ƙananan fitilun hasken bayan-ja, kamar dai kyamarorin tsaro da ake kafawa a shaguna, masu komawa baƙi da fari da dare. Mai karatu zai iya ganin irin wannan haske da kansa idan ya danna rimot na talabijin a gaban kyamarar waya, domin a wayoyi da yawa zai ga ɗan haske yana ƙiftawa wanda idonsa bai gani ba. A taƙaice, wannan iri tocila ce wadda ido ba ya ganin haskenta, kuma iyakar fitilarta ita ce iyakar ganinta.

Na'urar ganin zafi

Kowane abu a duniya, mai rai da marar rai, yana fitar da hasken bayan-ja gwargwadon ɗuminsa. Jikin mutum, wanda cikinsa ke kan digiri 37, fatarsa kuma wajen digiri 33, yana fitar da mafi yawan nasa a kusa da maikuromita 9 zuwa 10. Ke nan kowane mutum fitila ce mai ci dare da rana. Mesa ta riga ɗan Adam sanin haka, domin tana da ƙananan ramuka a leɓenta da take jin ɗumin abin farautarta da su cikin duhu.

A shekarar 1878 wani Ba'amurke mai suna Samuel Langley ya ƙera wani ma'auni mai jin wannan ɗumi daga nesa, kuma daga baya ya inganta shi har yana iya jin ɗumin saniya daga tazarar mita 400. Kyamarar zafi ta yau jikanyar wannan ma'auni ce. A cikinta akwai allo mai dubban ƙananan ma'aunai a jere, kowane ɗaya yana ba da ɗigo guda na hoton. Na farko sai an sanyaya su ƙwarai kafin su yi aiki, saboda haka suna da girma da tsada. Kamfanin Honeywell ya ƙera wa sojan Amurka irin da ba ya buƙatar sanyi, aka saki sirrinsa a 1992, kuma zuwa 2014 har an fara sayar da ƙanana da ake maƙala wa wayar hannu. Ma'aunin nan mai kama da bindiga da aka riƙa saita wa mutane a goshi a ƙofar bankuna da asibitoci lokacin cutar Ebola a 2014 da ta korona a 2020, ɗan gidansu ne, sai dai shi ɗigo ɗaya yake aunawa.

Kyamara mai kyau tana rarrabe bambancin zafi da bai kai kashi ɗaya cikin ashirin na digiri ba. Amma ɗigoginta kaɗan ne. Masu sauƙin kuɗi suna da 160 a kwance da 120 a tsaye, ko 256 da 192, masu tsada kuwa 640 da 480, alhali kyamarar waya tana da miliyoyi. Bugu da ƙari, gilashi ba ya barin wannan haske ya wuce, don haka ake yin idon kyamarar da wani ma'adini mai tsada da ake kira jamaniyam.

Gwaji a cikin gida

Gidan ƙauye, da zaurensa da tsakar gidansa da rumbunsa da turken dabbobinsa, ya isa ɗakin gwaji. Sharaɗin gwaji mai inganci shi ne a duba abu ɗaya, daga wuri ɗaya, a lokaci ɗaya, da na'urorin biyu, a auna tazara da taki, a rubuta kwanan wata da yanayin sama, sa'an nan kada mai dubawa ya san wanda aka tsayar masa. Ga abin da ƙa'idar aikinsu ta tabbatar za a gani.

Na farko, ɗaki mai duhu. Idan aka rufe ƙofa da taga aka toshe kafofi, na'urar ƙara haske ba za ta nuna kome ba sai tartsatsi, domin babu abin da za ta riɓanya, sai fa in an kunna fitilarta. Ta ganin zafi kuwa za ta nuna mutumin da ke zaune a lungu fari tas. Idan ya dafa bango na ɗan lokaci ya janye hannu, shatin tafinsa zai zauna a bangon kafin ya dushe, haka ma gurbin da ya tashi a kan tabarma.

Na biyu, tsakar gida a farin wata. A nan lamarin yakan juya. Na'urar ƙara haske za ta nuna igiyar shanya da turmi da bakin rijiya, ta nuna zanen atamfa, ta nuna fuskar wanda ke tsaye a tazarar 'yan takuna har a kira sunansa. Ta ganin zafi za ta nuna farar siffa mai kai da kafaɗu, amma fuskar ba irin wadda ido ya sani ba ce, rubutu da launi kuwa babu su sam. Mai tafiya da ita yana iya tuntuɓe da turmi, tun da ɗumin turmin da na ƙasa sun yi daidai.

Na uku, taga mai gilashi. Na'urar ƙara haske tana gani ta cikinta, muddin ba a kunna fitilarta ba. Ta ganin zafi ba ta ganin kome sai inuwar ɗumin mai riƙe da ita. Haka nan ba ta gani ta cikin katanga ko ƙyauren ƙarfe, saɓanin abin da finafinai suka cusa wa mutane. Abin da take yi shi ne ta tsinkayo ɗumi ta kafofin danga ko tsakanin ganyaye, inda ido da ɗayar na'urar za su ga inuwa kurum.

Na huɗu, hayaƙi da ƙura. Idan aka tsayar da mutum a bayan hayaƙin murhu, na'urar ganin zafi za ta fito da shi, domin doguwar igiya ta fi ratsa hayaƙi da hazo. Mai amfani da fitilar bayan-ja kuwa haskensa zai bugi ƙurar ya dawo masa, kamar mai kunna fitilar mota cikin hazon hunturu. Ruwan sama mai ƙarfi yana rage ganin dukkansu.

Na biyar, haske mai ƙarfi. Fitilar babur ko tocila idan ta fuskanci na'urar ƙara haske, hoton yakan cika da fari, abin da ke gefen fitilar ya ɓace, kuma rana tana iya lalata bututun ɗungum, saboda haka ba a buɗe ta da rana. Ta ganin zafi ba ta damu da fitila ba, injin babur da aka kashe ma yana ci gaba da haske a cikinta har ya huce.

Na shida, turke da rumbu. Wajen ƙirga dabbobi da dare, ko neman akuyar da ta ɓata, ko gano ɓera da jaba a gindin rumbu, na'urar ganin zafi ba ta da na biyu. Amma maciji da kunama ɗumin jikinsu na bin na wurin da suke, don haka kububuwa tana iya kwanciya a bakin hanya na'urar ba ta fito da ita ba. Tocila ta fi ta amfani a nan.

Na bakwai, lokutan shekara, kuma wannan shi ne gwajin da wanda ya rubuta takardar na'urar a ƙasar sanyi ba lalle ya yi tunaninsa ba. Na'urar ganin zafi bambanci take gani tsakanin jiki da abin da ke bayansa. Da hunturu, sa'ad da sanyin asuba kan sauka ƙasa da digiri 15, mutum yana fitowa rangaɗaɗau. Da bazara kuwa, sa'ad da zafin rana kan haura digiri 40 a ƙasar Katsina, katangar ƙasa da duwatsu suna riƙe zafi har bayan lisha, ɗuminsu ya zo kusa da na fata, siffar mutum ta dusashe a jikinsu. Da damina, idan gero da dawa suka yi tsawo, duka biyun ganinsu yakan tsaya a bakin gona. Ita ma na'urar ƙara haske tana bin kwanan wata, ta yi kyau a tsakiyarsa, ta raunana a ƙarshensa. Saboda haka gwajin dare ɗaya bai isa a yanke hukunci ba.

Tsinkaya, rarrabewa da shaidawa

A shekarar 1958 wani masani mai suna John Johnson, na ɗakin binciken gani da dare na sojan Amurka, ya kasa gani zuwa matakai. Uku daga cikinsu su ne ake yawan ambata. Tsinkaya ita ce a san akwai wani abu. Rarrabewa ita ce a san jinsinsa, mutum ne ko dabba. Shaidawa ita ce a san wane iri ne a cikin jinsin. Bisa lissafinsa, tsinkaya na buƙatar abin ya cika kimanin ɗigo 2 a faɗinsa, rarrabewa ɗigo 8, shaidawa kuwa wajen 13, kuma ko a hakan rabin lokaci ne mai dubawa ke dacewa. Gane fuskar wani mutum takamaimai yana buƙatar fiye da haka nesa ba kusa ba.

Alal misali, a ɗauki kyamara mai ɗigo 256 a kwance, tana duban fili mai faɗin mita 50. Kowane ɗigo ya ɗauki kusan santimita 20. Mutum mai faɗin rabin mita zai cika ɗigo biyu ko uku kacal. An tsinkayo shi, amma ba a kai ga cewa mutum ne ba, balle a san abin da ya saɓa a kafaɗa. Sandar makiyayi da fartanyar manomi da bindiga duk suna iya fitowa a matsayin siririn layi ɗaya. Tazarar da masu sayarwa suka fi tallatawa kuwa ta tsinkaya ce, wadda ta ninka ta shaidawa sau da yawa.

Wannan ba ƙaramin al'amari ba ne a ƙasar da rikicinta ya ƙara ruruwa saboda kashe mutane bisa zato, inda 'yan sa-kai suka taɓa wanda bai ji ba bai gani ba, aka dawo ramuwa a kan ƙauyen da shi ma bai ji ba bai gani ba. Ko masu manyan kayan aiki ba su tsira daga wannan kuskure ba. A daren 3 ga Disamba, 2023, jirgi marar matuƙi na rundunar soja ya jefa bam kan masu taron Maulidi a Tudun Biri, cikin Ƙaramar Hukumar Igabi ta Jihar Kaduna, hukumar ba da agajin gaggawa ta ce aƙalla mutum 85 suka rasu, rundunar kuma ta amsa cewa an ɗauke su 'yan bindiga ne. An tsinkayo taro, ba a shaida shi ba. Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane.

Tsada, wuta da doka

Na'urar ƙara haske ta zamani na uku kuɗinta dubban daloli ne, kuma Amurka ta ƙuntata fitar da ita waje. Haka ma kyamarorin zafi masu saurin hoto, shi ya sa yawancin ƙanana da ake sayar wa kowa ba su wuce hoto 9 a daƙiƙa ba, motsi ya riƙa fitowa a yanke-yanke. Akwai na'urorin da suka haɗa ganin biyu a hoto ɗaya, amma kuɗinsu ya fi ƙarfin ƙauye. Ta fuskar wuta, mai bututu tana iya yin awa 40 da ƙaramin batir ɗaya, kyamarar zafi da mai fitilar bayan-ja kuwa 'yan awoyi suke yi, abin da ya zama matsala a garin da cajin waya ma sai an kai wurin mai sola. Daɗin daɗawa, a Nijeriya kayan gani da dare suna cikin waɗanda ba a shigo da su sai da takardar izini daga ofishin mai ba Shugaban Ƙasa shawara kan harkokin tsaro. Wanda aka kama da irin wannan na'ura a bakin daji babu takarda, shi kansa zai zama abin zargi. Hanya mafi aminci ita ce ta zama mallakar hukuma ko ƙungiyar tsaro da hukuma ta sani, a hannun wanda aka horar.

Batun suna

Akwai aiki a nan ga masu nazarin harshe. Muddin suna ɗaya ake kiran abubuwa biyu da shi, mai saye da mai ba da umurni za su ci gaba da sa ran ɗaya ta yi aikin ɗaya. Sunayen da aka yi amfani da su a wannan maƙala, watau na'urar ƙara haske da na'urar ganin zafi, an gina su ne bisa aikin kowacce. Kalmomin tsinkaya da rarrabewa da shaidawa kuwa ba baƙi ba ne, Hausa ta riga ta mallake su. Da za a koya wa ɗan sintiri ya riƙa kai rahoto da su, ya ce na tsinkayo, ko na rarrabe, ko na shaida, da mai sauraro ya san nauyin kowace magana kafin ya ɗauki mataki.

Kammalawa

An ga cewa na'urar ganin zafi ta fi amsa tambayar ko akwai wani, cikin duhu ko hayaƙi ko bayan danga, amma zafin bazara da gilashi da ƙarancin ɗigo suna tauye ta. Na'urar ƙara haske ta fi amsa tambayar ko wane ne, tana kuma nuna hanya, amma tana dogara ga wata da taurari, kuma fitila guda na iya makantar da ita. Babu ɗayarsu da ke amsa tambaya ta uku, watau me ya kawo shi. Wannan har yanzu aikin sallama ne da amsa ta, da sanin 'yan gari, da haushin karen da ya san warin mutanen gidansa, da bincike kafin hukunci. Inda Allah ya hore na'ura ɗaya ga masu gadin gari irin Runka, amfaninta mafi girma shi ne ta ba da 'yan mintoci na gargaɗi, a tashi mata da yara, a sanar da jami'an tsaro. Farin ɗigon da ya bayyana a allonta dalili ne na ƙara dubawa, bai kai hujjar ɗana kunamar bindiga ba.